Ƙarfe Biyun Dare a Sunderland

Ƙarfe biyun dare a Sunderland,
hita na iya ƙoƙarinta, sanyi na nasa,
ni da kwamfuta muna kallon-kallo
kamar mai bin bashi da wanda ake bi.

Jiya lafiya lau muka rabu.
Yau na danna, ta yi tari, ta shuɗe fuska, ta ɗauke.
Na ce to, mu bi ta ƙofar baya,
wadda masu gyara ke kira sef-mod:
ajiye kwalliya, ajiye kaya,
taso da zani ɗaya, ba mai ganin ki.

Na dinga bugun F8 kamar mai sallama a gidan kurma.
Baƙin allo ya buɗe,
fararen sunaye suka shiga gangarowa
kamar kiran rajista a aji,
kowa na amsawa, kowa na amsawa,
sai tsit.
Ba gaba, ba baya.
Fanka kaɗai ke numfashi.

Na ba ta minti goma. Na ƙara mata ashirin.
Shayi ya huce, na ɗumama, ya sake hucewa.

Ba don ita nake wannan jinya ba,
fam tamanin na saye ta
hannun wani ɗan Poland mai shirin komawa gida.
Muryar Baffa Nakande ce a ciki,
minti goma sha ɗaya,
yana lissafa iyakar gonarmu ta bakin rafi:
daga tsamiya mai kogo zuwa suri,
daga suri zuwa inda aka binne doki.
Baffa ya rasu bara. Surin ma ruwa ya cinye shi.
Ranar Laraba za a zauna gaban dagaci,
Hurera ta kira ni sau huɗu.

Na cire firinta. Na cire linzami.
Na zare duk igiyar da ba ta wuta ba.
Na sake kunnawa.
Wuri ɗaya, layi ɗaya,
jaki ya ga gada.

Sai na tuna maganar Shafkat
mai shagon gyara kusa da tashar bas:
sunan da ta tsaya a kai ba lallai shi ne mai laifi ba,
shi ne dai na ƙarshe da ya amsa,
mai laifin bai ma buɗe baki ba.

Na kwance cikinta da wuƙar man shanu.
Ƙurar gida uku, gashin kyanwar wani.
Ga sandunan ƙwaƙwalwa biyu, koraye,
kwance kamar tagwaye.
Na zare na dama, na goge haƙoransa
da magogin fensirin 'yata,
na kunna. Tsit.
Na mayar da shi, na zare na hagu.

Sunaye suka gangaro.
Na riƙe numfashi a daidai gadar.
Ta wuce.

Fuska ta fito, mummuna, komai ya kumbura,
ban taɓa ganin muni mai daɗin kallo haka ba.
Na kwafe Baffa a filashi, sau biyu,
sannan na sa abin ji a kunne.

Ga tarinsa. Ga zakara a bayansa.
Tsamiya, suri, doki,
duk yadda na riƙe.
A minti na tara ya ja numfashi, ya ce:
amma kwarin can na Jatau ne,
aro ubanku ya yi, shekarar fari.

Wannan ban riƙe ba.
Shekara shida, ban riƙe ba.

Tsuntsayen teku sun fara rigima a kan rufi.
Ƙarfe shida zan shiga aiki.
Kwamfuta na tafiya lafiya da rabin ƙwaƙwalwa,
ɗaya rabin yana tafin hannuna, da sauran ɗuminsa,
ga sunan Hurera na haske a waya,
ni kuma ina duban lambar nan:
goma sha ɗaya,
ko tara.